Kuɗin jinginar gyaran rami: sun yanka min ninki uku, ina mafita?

Mai Tifa Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyun nan. Ina da ɗan ramin da nake ɗibar tsakuwa da yashi, shekara ta shida ke nan, duka faɗinsa bai wuce eka huɗu ba. Da lokacin sabunta lasisi ya zo sai aka ce dole in ajiye kuɗin jingina, wai idan na gama ɗiba na tsere, su ɗauka su gyara wurin. Ban ƙi ba. Na zauna na yi lissafina tsaf: man katafila, ladan direba na sati biyu, irin ciyawa. Na kai musu. Takarda ta dawo da adadin da ya ninka nawa sau uku har da ɗoriya. Katafilar nan tawa ce, tifofin nawa ne, to me zai ci wannan uban kuɗin? Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar da ni, ko dai so ake a kore mu mu ƙanana a bar wa manyan kamfanoni fage?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ai ka ba kanka amsa a ƙarshen maganarka. Doka irin wannan babba ba ya jin ta, ƙaramin ne take karya wa ƙugu.

Tsohon Sufeto: Malam Mai Tifa, na yi shekaru ina irin wannan lissafin da ya ɓata maka rai, bari in gaya maka inda kuka saɓa. Kai ka lissafa abin da gyaran zai ci ka ne. Su kuwa sun lissafa abin da zai ci su ranar da ba ka nan. Ranar da za a taɓa kuɗin jinginar nan, katafilarka ba ta wurin, ko ka sayar ko masu bin ka bashi sun ɗauke. Hukuma ba ta da katafila a aljihu, ɗan kwangila za ta kira. Shi kuma zai caji kuɗin ɗauko injin a kan babbar mota ya kawo ya mayar, da ladan ma'aikata a farashin kwangila, da ribarsa. A kan wannan a ɗora kuɗin wanda zai duba aikin, da wani kaso na ko-ta-kwana, domin ba a taɓa buɗe tsohon rami ba a tarar da abin da ba a zata ba: tsohuwar tankar mai a binne, tayoyi, ɓaraguzan da wani ya zo ya zubar da dare. Ninki uku bai ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Amma kafin in ce sun yi daidai, amsa min uku. Gaɓar ramin nawa ne tsayinta, kuma a tsaye take ko a kwance? Tsakaninta da iyakar filinka taku nawa ne? Ƙasar sama da ka kankare tun farko, tana ina?

Mai Tifa Biyu: Ranka ya daɗe, gaɓar ta kai mita shida, a tsaye take kamar bango, tsawonta wajen mita ɗari biyu ta gabas. Iyaka kuwa, gaskiya na matsa sosai, bai fi mita biyu ya rage ba. Ƙasar sama na sayar da ita tun shekarar farko, masu lambu ne suka yi ta zuwa suna nema.

Direban Katafila: Innalillahi. Alhaji ka sayar da jarinka da hannunka.

Injiniya Mai Ritaya: To ga inda kuɗinka ya tafi, ɗauki biro ka bi ni. Galibi abin da ake nema a ramin yashi da tsakuwa shi ne a kwantar da gaɓa ta zama gangara, misali duk mita ɗaya na tsayi a ba shi mita uku na kwance, yadda mutum ko dabba za su iya hawa su fita, ciyawa kuma ta kama. Wasu wuraren sun yarda da biyu, amma mu ɗauki uku.

Hanya biyu ce. Ta farko, katafila ta hau sama ta yanko leɓen gaɓar ta turo shi ƙasa, abin da aka yanka a sama shi ne cikon ƙasa. A gaɓa mai mita shida, wannan yana buƙatar filin mita tara a bayan gaɓar, kuma ƙasar da za a tura ba ta wuce kubik mita 13.5 a kowace mita ta tsawon gaɓa ba. A mita ɗari biyu, 2,700 ke nan, turawa kawai, ba tifa ba loda. Ta biyu ita ce ta wanda ya ci filinsa har bakin iyaka: babu abin yankowa, sai dai a kawo ciko daga wani wuri a jingina da bangon. Nan kuwa kubik mita 54 ne a kowace mita, wato 10,800. Ninki huɗu cif, kuma wannan karon kowane kubik sai an saya, an loda, an ɗauko. Mita bakwai ɗin nan da ka ci na tsakuwa ta gabas, su ne suke neman cinye ka yanzu.

Ƙasar sama kuma: idan za a shimfiɗa mai kaurin santimita 15 kacal, hekta ɗaya tana cin kubik mita 1,500. Tifa mai ɗaukar goma, sawu 150. Eka huɗunka sun haura hekta ɗaya da rabi, ka ga sawu kusan 240. Da tulin ƙasarka yana nan a gefe, da wannan layin bai fito a takardarsu ba sai ɗan kuɗin bazawa.

Ka kuma lura, zurfi ba ya ƙaruwa da sauƙi. In ka ninka tsayin gaɓa, cikon ninki huɗu yake yi.

Direban Katafila: Shi ya sa aka ce in za ka gina rami gina shi gajere, ko da ba na mugunta ba ne.

Mai Tifa Biyu: Injiniya, jikina ya yi sanyi. Amma ku yi min adalci, lokacin da na fara babu wanda ya gaya min ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lasisi aka ba ni da taswira, shi ke nan.

Tsohon Sufeto: Na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kuma nan ne laifinmu yake. Sau da yawa sharuɗɗan suna nan a shafi na biyu da na uku na lasisin, har da tazarar da za a bari daga iyaka, amma babu wanda ya zauna da mutum ya karanta masa. Sai bayan shekara biyar a zo da tef ana awo. Duba takardarka ta asali, zan yi mamaki in ba a rubuta tazarar ba.

Baban Sadik: Duk wannan lissafin na ji, amma ni tambayata daban ce. A karɓi kuɗin mutum a kulle shekara goma, shi yana cin bashi don sayen taya. Ranar da ya gyara ya zo karɓa, a ce fayil ya ɓata, ko wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Wa ya taɓa ganin an mayar wa mutum kuɗinsa cikin daɗin rai? Kuma rami eka huɗu, me zai ɓata a duniya? Ku je ku kama masu haƙar gawayi da zinari.

Maman Hanif: Baban Sadik, ka yi haƙuri, amma da alama ba ka taɓa zama kusa da ramin da aka bari ba. Ni na zauna, shekara bakwai. Wanda ya haƙa shi ma ƙarami ne kamar Malam Mai Tifa, mutumin kirki, muna gaisawa. Ranar da tsakuwa ta ƙare ya kwashe injinansa da asuba. Damina ɗaya ramin ya zama kududdufi. Ruwan a ido kore shar, kwance, kamar ba zai yi komai ba, amma daga baki taku biyu ne sai zurfi, kuma gaɓar yashi ce, ka kama ta ta zubo maka a hannu. Da idona na ga an ciro yaron maƙwabta, Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba, wani mai wucewa ne ya jefa masa igiya. Tun daga ranar ban sake barin nawa sun fita ƙofa su kaɗai ba. Ban da sauro, ban da shara da aka mayar da wurin juji, ban da katangar wani da ta zabtare domin gaɓar tana ci tana matsowa duk shekara. Mun yi ta kai kuka, amsar ɗaya ce: babu kuɗin da aka ajiye a kan ramin, mai shi kuma ba a san inda yake ba. To ni in an ce a karɓi jingina, wallahi ban ga zalunci ba. Eka huɗu ƙarami ne a takarda, ba a bayan gidanka ba.

Baban Sadik: Allah ya kyauta, Hajiya, ban raina abin da kika gani ba. Amma ai kin ga wanda ya gudu ya sha, wanda ya tsaya ya nemi lasisi shi ake matsa wa.

Ɗalibar Muhalli: Baba, maganar cewa ƙaramin rami ba ya ɓarna an gwada ta a wurare da yawa, kuma ga yadda take ƙarewa. A Indiya da can filin da bai kai hekta biyar ba ba ya buƙatar takardar izinin muhalli. Sai aka koma yanka manyan filaye ƙanana ƙanana, kowane ƙasa da biyar, a jere a bakin kogi ɗaya. A watan Fabrairun 2012 Kotun Ƙolin ƙasar, a wata shari'a da ta taso daga jihar Haryana, ta ce ko bai kai hekta biyar ba sai an nemi izinin. Duk inda aka ja layi aka ce ƙasa da nan babu ruwanmu, nan ake yin cincirindo.

Shi ya sa wasu suka sauko da layin ƙasa sosai. Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka ta 1975 tana kama duk wanda ya taɓa fiye da eka ɗaya ko ya ɗebi fiye da kubik yadi dubu, kuma duk shekara ake zuwa duba wurin a sake lissafin jinginar. A Wiskonsin ma eka ɗaya ne layin. A Faransa dokar 1993 ce ta ɗora wa masu ramukan dutse da yashi wannan lamunin. Kuma kada a manta yawan abin: hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya tana cin yashi da tsakuwa wajen tan biliyan 50 a shekara. Bayan ruwa babu abin da ɗan Adam yake ɗiba kamarsu.

Baban Sadik: 'Yata, karatu ya yi. Amma manyan fa? Su ma suna ajiyewa ko sai mu?

Ɗalibar Muhalli: Nan kam kana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Dokar tarayyar Amurka ta 1977 kan haƙar gawayi ta bar ƙofa ga kamfanin da ake ganin yana da ƙarfi ya tsaya wa kansa da kansa, ba ya ajiye komai sai alkawari. Tsakanin 2015 da 2016 manyan kamfanoni uku, Alpha Natural Resources da Arch Coal da Peabody, suka shiga kotu neman kariyar fatarar kuɗi, alhali akwai makudan kuɗin gyara da ba abin da ya tsaya musu sai sunan kamfanin. Amma ni darasin da na ɗauka shi ne a rufe wa manya ƙofar, ba a buɗe wa kowa ba.

Ɗan Inshora: Bari in shigo ta ɓangarena, domin naga Alhaji yana ɗauka dole ne ya ƙirga tsabar kuɗi ya kai. Ka fara tambayar irin jinginar da suke karɓa. Yawanci uku ne. Akwai tsabar kuɗi ko ajiyar banki da aka ɗaure da sunan hukuma, wannan kuɗinka ne, zai dawo, a wasu wuraren har da ɗan abin da ya haifa. Akwai takardar lamuni ta banki, wadda bankin ya yi alkawarin biya da zarar an nema, sai dai za ta cinye maka gurbin bashin da za ka iya ci, wani lokaci ma su ce ka ajiye kwatankwacinta. Sai kuma kamfanin da zai tsaya maka, kana biyansa wani ɗan kaso duk shekara.

Na ukun nan ne mutane ke ruɗewa a kai, don haka a saurara da kyau. Ba inshora ba ce irin ta mota. Ba kai take karewa ba, hukuma take karewa. Abin da kake biya duk shekara ya tafi, ba ya dawowa. Idan ka gaza aka karɓi kuɗin a hannunsu, za su juyo kanka su karɓi abinsu har kobon ƙarshe, domin tun farko ka sa hannu a kan haka, galibi da sunanka na kanka ba na kamfani kaɗai ba. Kamar wanda ya yi belinka ne, in ka gudu shi za a kama, shi kuma ya san gidanku. Kuma in faɗi gaskiya ko da a kan sana'ata ce: mai tifa biyu wanda ba shi da littafin shige da fice na kuɗi a rubuce, da wuya su karɓe shi ba tare da ya ajiye wata kadara ba. Wannan ɓangaren kukan Baban Sadik gaskiya ne.

Injiniya Mai Ritaya: Akwai ƙasashen da suka ga wannan matsalar suka koma asusun taro. A Ostareliya ta Yamma, dokar 2012 ta kafa asusu ɗaya, kowa yana zuba kashi ɗaya cikin ɗari na ƙiyasin gyaransa duk shekara, wanda ƙiyasinsa bai haura dalar ƙasar 50,000 ba kuma ba ya biya, rahoto kawai yake kaiwa. A Ontariyo ta Kanada, inda suka ware lasisin masu ɗibar tan 20,000 zuwa ƙasa a shekara daban da na manya, wani ɗan kaso na kuɗin da ake biya a kan kowane tan yana tafiya gyaran tsofaffin ramukan da aka bari tun kafin doka. Ga ƙaramin mai rami wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tsohon Sufeto: Ya fi sauƙi, amma ni ban cika son sa shi kaɗai ba, Injiniya. Mutumin da ya san kuɗinsa na kansa ne a kulle, shi ke tashi ya gyara. Wanda ya zuba kashi ɗaya a tukunyar kowa da kowa, me zai dawo da shi? A can Ostareliyar ma asusun bai daɗe da kafuwa ba, a 2015, kamfanin da ke haƙar lu'ulu'u a Ellendale ya durƙushe, wurin ya faɗo kan asusun. Masu gaskiya ne suke biya wa wanda ya tafi.

Injiniya Mai Ritaya: Ba na musu. Sai dai ka san wanda aka ƙure da jinginar da ba zai iya ba, ba daina haƙa yake yi ba, komawa yake yana ɗiba da dare ba lasisi. Shi ne ramin da Maman Hanif za ta sake samu a bayan gida.

Mai Tifa Biyu: To dattawa, ni dai yanzu ba asusun taro a gabana, takarda ce da wa'adin kwana sittin. Me zan yi?

Tsohon Sufeto: Kada ka je kana rantsuwa cewa kuɗin ya yi yawa, babu wanda zai saurare ka. Ka nemi a ba ka lissafin dalla-dalla, layi bayan layi, haƙƙinka ne ka gani. Sau da yawa daga hoton sama ake auna fili, sai a haɗa da wurin da ba ka taɓa ba ko hanyar da mai filin yake so a bar masa. In akwai irin wannan, kawo safiyo ya auna, ka kai a rubuce.

Na biyu, kuma shi ne babba: jingina tana bin wurin da yake a buɗe ne, ba duk filin da ke cikin lasisi ba. Cikin eka huɗun nan, nawa ne ka gama da su?

Mai Tifa Biyu: Ɓangaren yamma da kudu, kusan eka biyu da rabi, tun bara ban ɗebi ko cokali ba. Can gaɓar ba ta fi mita uku ba, kuma akwai fili a bayanta.

Tsohon Sufeto: To me kake jira? Katafilar da kake ta cewa taka ce, yanzu ne ranarta. Ka kwantar da gaɓar can da kanka, a farashinka, ka kira su su gani, ka nemi a cire wurin daga lissafi. Duk abin da ka gyara da hannunka a kuɗi ɗaya, ka sauke wa kanka uku a takardarsu. Faransawa ma a kan zangon shekara biyar biyar suke lissafin nasu, daidai da abin da zai kasance a buɗe a zangon. A Wiskonsin har kuɗin shekara a kan ekar da ba a gyara ba ake yanka shi. Sai dai kada ka sa ran za a sake maka duka rana ɗaya. Ana sakin kaso mai tsoka bayan an daidaita ƙasa, a riƙe saura sai ciyawa ta kama ta ga damina ta ga rani. A dokar gawayin Amurka har kashi 60 ake iya saki a matakin farko, sauran kuma jiran shekara biyar ne, goma a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci. Ramin tsakuwa ba ya kai haka yawanci, amma tsarin ɗaya ne.

Ka ɗauki hoto kafin ka fara, kana cikin yi, da bayan ka gama, daga wuri ɗaya, da kwanan wata. Baban Sadik ya yi maganar fayil da ke ɓata, to naka kada ya ɓata. Duk takardar da ka miƙa a buga maka hatimi a kan kwafinka.

Direban Katafila: In ƙara ɗaya daga bakin mai tuƙi. In ka gama tura gangarar, kada ka bar ta sumul kamar faranti. Ka hau ka sauko da katafilar a miƙe, sama zuwa ƙasa, yadda sawun sarƙar zai kwanta a gicciye kamar ƙananan kunyoyi. Nan iri yake maƙalewa, nan ruwa yake tsayawa. Wanda ya bi ta a kaikaice ya bar sawu a tsaye, ruwan farko zai tsaga masa ita gida gida. Kuma ƙasan ramin da tifofi suka shekara suna takawa ya zama kamar siminti, sai ka sa haƙoran baya ka farfasa shi tukuna, in ba haka ba ko ƙaya ba za ta fito ba.

Maman Hanif: Kafin duk wannan, Malam, don Allah bangon gabas ɗin nan mai mita shida, ka kewaye shi ko da waya ce, ka tara tudun ƙasa a bakinsa. Wannan ba sai an jira takarda ba.

Mai Tifa Biyu: In sha Allahu gobe za a fara, Hajiya, na ji maganarki har raina. Sufeto, na duba tsohuwar takardar. Tazarar tana nan a shafi na uku, mita goma aka rubuta. Ban taɓa buɗe shafin ba.

Yanzu abin da ya rage min shi ne gabas. Injiniya, yashin banza da laka da suke fitowa wajen tankaɗe, na tara su tsibi guda tun shekara shida ban san yadda zan yi da su ba. Za su yi ciko?

Injiniya Mai Ritaya: Za su yi, in ka zuba su hawa hawa kana dannewa, ba ka juye su gaba ɗaya daga sama ba, kuma lakar kada ta zo a jiƙe. Amma ka fara sa su a cikin tsarin gyaran da za ka miƙa, a amince a rubuce, domin wasu hukumomin ba sa lissafa tsibin da ke wurin sai sun tabbatar ba za ka sayar ba. Auno min tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa in gaya maka nawa zai rage daga 10,800 ɗin.

Baban Sadik: Ni dai ina nan. Ranar da aka sake maka kason farko ka dawo ka gaya mana wata nawa ya ɗauka.

Mai Tifa Biyu: Zan dawo, Baba. Injiniya, maƙwabcina na gabas ya taɓa yi min tayin sayar min da gefen gonarsa. In na sayi mita goma a tsawon bangon, ka ga na koma lissafin 2,700 ke nan ko?

Injiniya Mai Ritaya: Ka koma, in sun yarda su faɗaɗa iyakar lasisin ta shiga ciki. Tambaye su kafin ka biya shi, kuma kada ka bari ya ji wannan lissafin kafin ku yi ciniki.